Ranar da Na Ce wa Inna Holan Ƙasa Ce

Ranar wata Talata ce a daminar da na shiga aji biyar a Yashe, gero ya kai ƙugu, Malam Sani ya rataya taswira ya ɗora babban yatsansa a kan wani ɗigo, ɗigon ya ɓace. Ya ce wannan ita ce Holan, 'yar ƙaramar ƙasa da teku ke neman cinyewa, amma ta yi arziki da madarar shanu da jiragen ruwa da noman furanni. Furanni fa! Mu da muke cire su a gona mu watsa wa awaki. Tun daga nan zama ya gagare ni, ana tashi na zura da gudu ta cikin gyaɗar mutane, ko wasan 'yar gala-gala ban tsaya ba.

Na tarar da kakata Inna Kulu, wadda ke riƙona, ta fito da atamfarta Holan daga adudu tana shanyawa. Zane ɗaya ke nan da take ji da shi, sai suna ko Sallah ake ganinsa. Ina haki na ce, "Inna, ashe Holan ƙasa ce!" Ta dubi zanen, ta dubi turɓayar tsakar gida. "Mi kika ce? Zanen nawa ne ƙasa? In wannan rashin kunya ake koya maku a boko, kin gama zuwa."

Kwana huɗu ina gida. Na yi surfe, na ɗebo ruwa, na kai abinci gona, amma kunnena na makaranta. Da an buga ƙararrawa sai in fita zaure in dawo, in sake fita. Tsoro nake ji sosai, don ta rantse ba zan koma ba, kuma Inna ba ta rantsuwar wasa.

Rana ta biyar Malam Sani ya zo da taswirar a hammata, ya durƙusa ya gaishe ta, ya yi mata bayanin cewa Holan garin mutane ne can bayan teku, inda ake buga zanen. Ta saurara har ya kai ga furanni. "Hure suke nomawa? To mi suke ci?" Malam ya fara inda-inda. Ta juyo gare ni: "Tahi ki koma, ki gano mani."

Yanzu ina koyarwa a Kankia, yara na nuna mini gonakin furen nan a waya, ba ko ɗokin komai a fuskarsu. Ni ban taɓa zuwa Holan ba, har gobe raina na can. Na dai gano cewa furen suke sayarwa su sayi hatsi, amma kafin in gano, an riga an kai Inna makwancinta. Aiken nan na hannuna har yau, ban sami wadda zan kai wa ba.