Ranar da Ƙauyenmu Ya Biyo Ni Kotu

Ko tsufa ya kai ni inda zan riƙa neman hulata alhali tana kaina, ba na jin zan manta ranar da na fara tsayawa gaban alƙali a matsayin lauya.

Lokacin ban daɗe da gama makarantar lauyoyi ba, na samu wuri a ofishin wani babban lauya a Katsina. Aikina bai wuce riƙe masa jaka da binciko masa dokoki ba. Wata rana da la'asar ya kira ni ya ce, "Gobe za ka je kotun majistare a Batsari, ni ina da wata shari'ar a nan. Ka roƙi a ɗage zaman kawai, ka juyo."

Batsari fa! Ƙauyenmu yana nan kusa da Wagini. Murna ta sa na buga wa Inna waya na gaya mata, na kuma ce kada ta faɗa wa kowa. Yanzu idan na tuna sai in yi wa kaina dariya. Wace uwa ce za ta haɗiye irin wannan labari?

A mota na karanta takardun shari'ar. Wani makiyayi ne daga wajen Tsaskiya, shanunsa suka shiga gonar wake, cacar baki ta kai ga sanda, mai gonar ya ji ciwo a hannu. Tun lokacin yake tsare, ana jiran a nemi belinsa.

Ina sauka a bakin kotu na hangi babura a jere ƙarƙashin bishiya. Ga Baba cikin babbar rigarsa ta Juma'a, ga kawunaina, ga limamin unguwarmu, har da Kaka, wadda aka ɗauko a bayan babur duk da ciwon gwiwarta. Mutanen nan sun bar gona tsakiyar aiki don su ga ɗansu yana kare gaskiya, ni kuwa jimla ɗaya aka aiko ni in faɗa.

Bayan mun gama gaisawa, Kaka ta dube ni sama da ƙasa. "Kai maigida, ina hular gashin tunkiyar nan da na gani a hoto? Ko aro ka yi?"

"Kaka, ba a sa ta a wannan kotun."

"To ni ita na zo gani," in ji ta, kowa ya fashe da dariya.

Da aka kira shari'ar na miƙe, na gabatar da kaina, na roƙi a ɗage zama. Alƙalin dattijo ne mai sanyin murya. Ya sauke tabarau ya dube ni.

"Lauya, idan na ɗage yau, sai bayan Sallah. A tsare kake so mutumin nan ya yi Sallah?"

"A'a, ya mai shari'a. Maigidana ne ba ya nan."

"Kai da kake nan fa, ba lauya ba ne?"

Sai a lokacin na juya na kalli wanda ake ƙara da kyau. Dogo ne siriri, bai fi ni shekaru ba. Ba ya jin Turancin da muke yi, amma idonsa na kaina kamar ni kaɗai ne a ɗakin. Na yi bismillah a zuci na ce a shirye nake in nemi belinsa.

Na fara magana a hankali. Da na kama hanya kuwa, sai abin da na sha karantawa ya riƙa zuwa da kansa. Na nuna cewa laifin da ake zarginsa da shi doka ta yarda a ba da beli a kansa, ba a taɓa kama shi da wani laifi ba, yana da iyali da garke, ba inda zai gudu. Mai gabatar da ƙara ya yi suka, na ba shi amsa. Alƙali ya yi ɗan rubutu, ya ɗago ya ce ya ba da beli, da sharaɗin a samu mai gida da gona a ƙasar Batsari ya tsaya masa.

Tafinta na gama fassarawa Kaka ta rangaɗa guɗa a tsakiyar kotu. Ɗan sanda ya yi tsawa a yi shiru, shi kansa alƙalin sai da ya sunkuyar da kai yana ɓoye murmushi.

Amma fa da sauran aiki. Babu ɗan'uwan mutumin ko ɗaya a wurin, domin an gaya musu ɗage zama za a yi. Ina tsaye a baranda na rasa yadda zan yi, sai Baba ya matso kusa da shi ya ce, "Samari, ɗan wane ne kai?" Da ya faɗi sunan mahaifinsa da rugarsu, Baba ya riƙe baki. Ashe mahaifin nasa ne yake sauka da shanu a gonarmu da rani suna zuba mana taki, tun ina goye.

"Ni zan tsaya masa," in ji Baba.

Na ja shi gefe. "Baba, idan fa bai dawo kotu ba, kai za a riƙe."

"Kai ka tsaya masa da Turanci, ni in kasa tsaya masa da gonata? Je ka kawo inda zan sa hannu."

Kafin azahar mutumin ya fito. Ya kama hannuna da hannu biyu, yana ta maimaita "Allah ya saka da alheri." Kawuna ne ya kai shi gida a babur. Bai taɓa fashin zaman kotu ba, daga baya ma dattawa suka sasanta shi da mai gonar.

Na koma Katsina ina tsoron faɗa, tunda ba abin da aka aike ni ke nan ba. Maigidana ya saurare ni har ƙarshe, ya yi dariya ya ce, "To, daga yau ka daina riƙe jaka."

Na yi shari'o'i manya bayan wannan, amma a ranar na koyi abin da har yau nake gaya wa sababbin lauyoyin da ke zuwa ofishina: a aikin nan babu ƙaramin aike. Abin da kake ɗauka jimla ɗaya ce za ka faɗa ka wuce, ga wani bawan Allah shi ne bambancin kwana a tsare da kwana cikin iyalinsa.