Ƙwayar da Aka Samu a Hannun Yaya

Ba a daɗe da cire jihar Kebbi daga Sakkwato ba aka fara ƙus-ƙus a kan hannun yayata. Ita ce mai wanke miki a wani ƙaramin asibiti a bakin tabki, wajen Wara, inda masunta ke zuwa in ƙugiya ta soki ƙafa ko ƙayar kifi ta shige yatsa. A shekarar nan miki ya daina jin magani. Mutum ya zo da ɗan yanka, ƙafa ta kumbura ta yi ruwa, a yi ta allura har a gaji. Wani tsoho daga Shanga sai da aka yanke masa ƙafa.

Likita ya goge mikin majinyata da auduga, ya goge hannun ma'aikata, ya aika da audugar birni a duba. Da amsa ta dawo, an samu ƙwayar cutar a hannun Yaya. Sai dai ba sak take da ta majinyatan ba, kama ce kawai irin ta 'yan gida ɗaya. Likita ya ce ƙwayar takan sauya kama a hankali yayin da take hayayyafa, don haka mai yiwuwa tushensu ɗaya, mai yiwuwa kuma kowacce da inda ta fito. Ko da ma ɗaya ce, bai san wa ya shafa wa wani ba.

Ni wannan amsa haushi ta ba ni. An kai abu har birni, an dawo mana da "mai yiwuwa". Na zargi likita da rufa wa wani asiri. Na zargi masuntan da ke fasa kafso suna barbaɗa garin a miki tun suna cikin kwale-kwale, su iso asibiti da ciwon da ya riga ya raina magani. Ga shi ina da tsohon ciki, sai idona ya koma bin hannun Yaya in tana rabon tuwo.

A gidanmu babbar 'ya ce ke yi wa jariri wankan farko, duk jikokin Inna Yaya ce ta wanke su. Ranar da na haihu, Inna ta sirka ruwa, Yaya ta naɗe hannun riga. Inna, wadda ke tanka wa duk mai taɓa sunan 'yarta a kasuwa, ta tsaya da yaron tana duban ɗanyar cibiyarsa, ta kasa miƙa shi.

"Inna, wanke shi ke," in ji Yaya. "Ni ban san abin da ag ga hannuna ba. Likita ma bai sani ba."

Ta sauke hannun riga ta koma bakin ƙofa ta zauna. Hankalina ya kwanta, kuma tausayinta ya kama ni har na kasa dubanta. Ba ta ɗauki ɗana ba sai da cibiya ta faɗi ta bushe, a ranar ma sai da ta naɗe shi a zani, don kada fatarta ta taɓa tasa.