Jinin Mutanen Kogo a Gidanmu

Ina bisa katangar maƙwabta, takalmi ɗaya a ƙafa, Yaya na ƙasa da taɓarya yana rantsuwa yau sai Inna ta yi asarar ɗa guda.

"Sauko, ɗan banza! Mu ne jikokin biri?"

"Ban ce biri ba, Yaya. Mutanen kogo na ce. Akwai bambanci."

Abin da ya faru, tun da na watsar da boko nake taya abokina tsaron gidan kallo a Ƙanƙara. Ran nan aka sa wani fim mai fassara: likitoci sun tono ƙashin mutumin farko, suka tatso wani abu a ciki suka ɗura ma wani malamin makaranta. Kafin a jima gashi ya rufe mashi baya, goshi ya turo, yana gurnani. Mai fassara ya ce kowa na da ragowar jinin nan, jira kawai yake a tashe shi.

Washegari ina teburin mai shayi sai ga wani dattijo, wai daga Daudawa. Ya saya mani shayi da ƙwai, sannan ya ambaci Babanmu, ya ce ko na san gidan, mi ne asalinsu?

Ka ci ƙwan mutum ka bar shi ba labari? Ban ce mashi ɗan gidan ne ni ba. Na ce, "Alhaji, asalinsu wani kogo ne bayan Ketare. Ka dubi bayan babban ɗan in ya tuɓe riga. Kuma an ce abin ba ya tashi sai an yi aure."

Bai yi dariya ba. Ya ce, "Ikon Allah," ya shafa gemu, ya tafi.

Ashe kawun yarinyar da Yaya ke nema ne, bincike aka turo shi. Kafin la'asar sun aiko a dakata da sa rana, wai sun ji akwai ciwo a dangi.

Daga katangar nan na dira ta baya, na hau mota sai Faskari, gidan Gwaggo. Baba ya aiko cewa in auren nan ya lalace, kar in ƙara taka mashi zaure. Da ƙyar na samu lambar dattijon, na tura mashi saƙon murya:

"Alhaji, ni ne yaron wurin mai shayi. Ƙanen mai neman auren ne, uwa ɗaya uba ɗaya. Wallahi a talabijin na ga duk abin nan. Gidanmu ba mai ciwo sai ni, nawa kuma a baki yake, kuma ba ni za ku ba ɗiya ba. Don Allah a bar su zo a sa rana. In duka ne, ina Faskari, ba inda za ni."