Dattijo Mai Igiya a Aljihu

A ƙarshen filin sayar da motoci akwai wata mai kama da akwati, ta daɗe ba mai taya ta. Wani dattijo mai farin gemu yana zagaya ta yana taɓe baki.

"Ɗana, ciyawa har ta tsiro a gindin tayarta," yake ce wa dillalin. "Rage mini in raba ka da ita."

Dillalin na tafiya ɗauko makulli, sai dattijon ya zaro guntuwar igiya, ya auna ƙofar baya. Ina zaton faɗin keken guragu ne, na matarsa ko na 'yarsa. Ƙofar ta fi igiyar faɗi. Ya yi murmushi, ya yi maza ya ɗaure fuska kafin dillalin ya dawo.