Karkataccen Layin Baba Mai Toka

Daga Allah muke, kuma gare Shi za a tattara mu. Da hantsin ranar Talata, tara ga watan jiya, Baba Mai Toka ya amsa kiran da ba a ɗage shi saboda ruwan sama. Duniyar ƙwallon ƙafa ba ta girgiza ba, domin ba ta san shi ba. Wannan kuwa asararta ce.

Baba, ya wajaba a sanar da masana tarihi cewa shekara talatin da ɗaya da suka wuce, kai da 'yan uwanka teloli, da makanikai biyu, da mai gidan burodi, kuka sare ciyawar bayan tasha, kuka kafa turaku, kuka kira abin ƙungiya. Ka buga wasa na minti goma sha ɗaya cif, ka faɗi a kusurwar yamma, gwiwarka ta tafi hutun da ba ta dawo ba. Da wani ne, da ya yi fushi da filin. Kai sai ka nemi tsohon gwangwanin madara, ka huda gindinsa, ka riƙa cika shi da tokar gidan burodi kana shata layi kowace Asabar. Daga nan sunan ya bi ka.

Ka ɗinke rigunan 'yan wasa har lambar bakwai ta koma kamar ɗaya. Ranar da aka zura mana ƙwallo tara, kai kaɗai ka bi mai tsaron gida har ƙofar ɗakinsa, kana rantse masa cewa ta goman da ya kama ita mutane za su riƙa tunawa.

Amma layinka, Allah Ya gafarta maka, bai taɓa miƙewa ba. Yana tafe tiryan-tiryan, da ya doshi kusurwar yamma sai ya lanƙwaso ciki kamar ya hango surukinsa. Mun ce ƙafar ce. Kyaftin kan ce, "Baba, yau ma layin ya yi ɗingishi." Kai kuwa sai ka ce ya gaji ubansa.

Bana hukumar gasa ta aiko mai awo da igiyarsa. Ya ce ko a miƙe layin kafin wata ya ƙare, ko a hana mu wasa a gida. Ƙungiyar da ba ta da fili kuwa, sunanta hira. Aka roƙe ka, ka ci gaba da lanƙwasa abinka. Har muna ta gunaguni cewa tsufa ya zo da taurin kai.

Sai a zaman makoki mai ɗakinka ta aika a kira kyaftin. Ta ce ba ƙafarka ba ce. A kusurwar nan akwai wani dutse binne, ciyawa ta rufe shi, shi ya ci gwiwarka. Ka ji tsoron idan hukuma ta sani za ta rufe filin ɗungurungum, idan kuma ka miƙe layin wani zai faɗa a kai.

"Ya ce gara a yi wa ƙafarsa dariya," in ji ta, "da a ƙara samun irinta."

Kwana biyu muka yi da diga da shebur. Mai gidan burodi, da furfurarsa, ya ƙi sakin diga har sai da dutsen ya fito. Mai awo ya dawo, ya ja igiyarsa, ya sa hannu. Fili ya tsira.

Sai dai zan tona asiri: da kyaftin ya ɗauki gwangwaninka ya iso kusurwar yamma, ya lanƙwasa layin da faɗin tafin hannu ɗaya. Duk mun gani. Babu wanda ya yi dariya.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya miƙe maka hanya zuwa Aljanna. Ga mai ɗakinka, da 'ya'yanka, da jikokinka, Allah Ya ba ku haƙuri. Mu ma Ya ba mu.