Ranar da Na Shanya Rigar Kwamanda

Farkon zuwana Greensboro aikin jinyar tsofaffi na yi. Aka tura ni McLeansville, wani gida shi kaɗai tsakiyar gonaki, wurin wata tsohuwar Baturiya da ƙafafu suka daina ɗauka. Dokarta ɗaya ce: ba a rufe ƙofar baya. Ko sanyi na ratsa ƙashi sai an bar ta a buɗe. Ni da na taso a zafin Maraɗi, haushi kamar ya kashe ni.

Da muka saba ta gaya mini dalili. Mahaifinta kwamandan jiragen yaƙi masu jefa bama-bamai ne a Yaƙin Duniya na Biyu. Ya gama wa'adinsa, an ce ya koma gida, ya ce yaransa ba za su tashi babu shi ba. Aka harbi jirginsa a kan teku. Ya riƙe shi har mutanensa suka dira da laima, shi kuwa ko takalminsa ba a gani ba. Ranar da zai tafi yaƙin, ta ƙofar nan ya fita, ya ce wa 'yarsa ta bar masa ita a buɗe. Tun tana 'yar ƙarama take jira.

Rigarsa ta fata, wadda ya bari a barikin, ita aka aiko musu. Tana rataye a bayan kujera, tana warin rima. Mu kuwa in kaya ya yi wari, rana ake kai shi. Ban tambayi kowa ba, na sa ta a hanga, na rataye a reshen itace bakin gona.

Tsakar rana ce, ko ganye ba ya motsi. Na fito daga kicin, na tarar da gado wayam. Can na hango ta tsaye cikin ciyawa, matar da sai na ciccibe ta zuwa banɗaki. Rigar ta cika fam kamar da ƙirji a ciki, hannu ɗaya a ɗage. Tsigar jikina ta tashi, ko a'uziyya na kasa.

Na je na kamo ta, tana ta dariya irin ta yara. Na sauke rigar, na ji ta jiƙe sharkaf, ruwan sanyi ƙalau, a cikin wannan rana.

Muna shiga ta dube ni.

"Rufe ƙofar," in ji ta. "Ya shigo."

Na mayar da rigar wurinta, na rufe. Har na tashi aiki ban yarda na juya wajen kujerar ba.