Hanyar Jirgi a Gonar Baba

Tun kafin a haife ni akwai wani zirin ƙasa a tsakiyar gonarmu da ba a shukawa. Ya taso daga gindin gawo, ya miƙe sambal har iyakarmu ta yamma, faɗinsa ya ishi amalanke biyu su gifta juna. Mutanen ƙauyenmu, nan kusa da Gangara, suna kiransa hanyar jirgin Baba. Da ba'a suka fara, har suka manta ba'a ce.

Asalin abin, Baba ya tafi cirani Najeriya yana saurayi, ya faɗa aikin reluwe. Shi ne mai zuba kwal a cikin inji, zamanin da jirgin ƙasa ke tafiya da wuta da ruwa. Daga Ƙauran Namoda suke kwasar gujiya su yi kudu da ita. Direban da yake yi wa aiki, wani dattijo, shi ya ba shi labarin da ya zame mana jarabawa. Wai lokacin yana yaro, a birnin Ikko can bakin teku, akwai wani ɗan ƙaramin jirgi mai tururi da ke bin titi cikin gari, yana ratsa kasuwa a hankali, mata su hau da kwandunansu, su sauka kusa da gida. Baba bai taɓa ganinsa ba, an tumɓuke ƙarafansa tun kafin a haife shi. Amma duk manyan jiragen da ya ciyar da kwal, babu wanda ya shiga ransa kamar wannan ɗan mitsitsin na labari.

Da aka kawo injuna masu shan man gazuwal aka sallami masu kwal, ya dawo gida ya kama noma. Ba a jima ba wasu ma'auna, masu awon ƙasa, suka zo, suka bi ta cikin gonarmu suna kafa turakun siminti. Baba ya kai musu hura, ya tambaye su. Ɗayansu ya ce, "Hanya za ta bi nan, in Allah ya so." Suka tafi, har yau ba su waiwayo ba. Wasu suka ce hanyar mota ce. Fulanin da ke sauka bayan gari suka ce burtali ne. Baba ya ce ya ga yadda ake auna layin dogo da idonsa, ba wanda zai miƙe hanya haka sambal don saniya. Daga wannan shekara ya hana a sa sungumi a wurin.

Kowace bazara shi kaɗai yake sassabe zirin, ya tone sabara, ya share. Inna, Allah ya jiƙanta, ta yi faɗa har ta gaji.

"Malam, kai ka fi gwamnati gaggawa ne? Wannan ai jiran gawon shanu ne."

Shi kuwa sai ya ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gano ba. Inna ta ce, "Yau kuma ni ce yaron?"

Ni ce nake goya masa baya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, shi ya sa yake ce mini Uwata, kuma ni kaɗai nake zama in ji labarin har ƙarshe. Ya kwatanta mini yadda jirgin zai taso daga kasuwar Cadawa, ya tsaya Agye, ya tsaya Gazawa, ya biyo ta gonarmu. Ba macen da za ta sake ɗaukar damin hatsi a ka, ba jakin da za a sake duka a cikin yashi. Sannan ya kumbura kumatu ya yi mini numfashin inji in ya kama tudu, huf, huf, huf, yana jan kafaɗa kamar da shebur a hannunsa. "Jirgi mai rai ne, Uwata," in ji shi. "Yana jin ƙishirwa, yana haki, in ka ƙoshar da shi ya yi maka godiya." Ko bayan na girma na zama malamar lakol, wato makarantar boko, a Agye, duk zuwan da na yi gida sai mun taka zirin nan tare, daga gawo zuwa iyaka.

Sai idonsa ya fara tafiya. Muka kai shi asibitin Maraɗi, lokotoro ya duba ya ce an makara. Ya dawo zaure ya zauna, da sandarsa da rediyonsa.

Hutun lakol na daminar bara na zo gida, na bi ta gona kafin in shiga gari. Innalillahi! Babu ziri. Hatsi ne tun daga gindin gawo har iyaka, ya yi shar, ya fi na gefensa tsawo. Ban san lokacin da na isa gida ba. Na samu Yaya, babban wanmu da gandu ke hannunsa, yana gyaran hauya. Na sauke masa kwandon faɗa. Na ce don tsoho ya makance shi ne za a ci amanarsa? Ba kunya ba tsoron Allah? Ya bar ni sai da na ƙoshi, sannan ya ce, "Je ki leƙa rumbu, ki dawo ki ƙarasa."

Na je na leƙa. Ƙasan rumbun na gani, an share shi tas.

"Tun kafin ruwan farko hatsin ya ƙare," in ji Yaya. "Gonar ba ta ƙaru ba, bakuna sun ƙaru. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Ki gaya mini abin da zan ce wa yaran nan, in ce su jira jirgi?"

Ni da ake tsoron bakina a gidan nan, sai na juya na bar masa wurin. Gaskiyarsa ce, kuma na ji haushin gaskiyar kamar in yi ihu. Gida duka an haɗa baki, har ƙananan jikoki an ja musu kunne, kada wanda ya gaya wa Baba. Ni ma na shiga ciki, don ban ga wata ƙofa ba. Baba ya ce mu je mu duba hanya, na ce rana ta yi zafi. Washegari na ce ƙafata. Rana ta uku na ce an ga maciji a wurin. Kullum sai ya ce, "To, Allah ya kai mu gobe," ya koma ya jingina.

Ɗan Yaya ne ya ɓata mana shiri, ba da saninsa ba. Yana aikin gini a Aljeriya, sai ya turo mini bidiyo a waya, ya ce in nuna wa kakansa. Jirgi ne dogo fari yana bin tsakiyar titi cikin gari, motoci na gefensa, mutane na tsallakawa a gabansa ko a jikinsu. Na daɗe riƙe da wayar. Hana shi wannan kuma ya fi ƙarfina. Na durƙusa kusa da shi, na kanga masa a kunne, ina gaya masa abin da nake gani.

"Ƙararrawa kawai nake ji," ya ce. "Ba ya numfashi?"

"Da lantarki yake tafiya, Baba."

"Mata suna hawa?"

"Ga wata nan ta hau da jakar cefane, da goyo."

"A tsakiyar gari?"

"A tsakiyar gari."

Ya yi dariya har hawaye suka zubo daga idanun nan da ba sa gani. "Ashe dattijon nan bai yi mini ƙarya ba." Ya ce ya ji a rediyo ana shimfiɗa layin dogo daga Katsina zuwa Maraɗi, in babban ya iso ai ƙaramin yana tafe. Na san layin can yamma zai bi, nesa da mu, ko jiniyarsa ba za mu ji ba. Ban faɗa ba. Ya laluba sandarsa ya miƙe.

"Tashi, Uwata. Ciyawa ta cinye hanyar nan, na sani. Yau ko macijin ne sai mu gaisa."

Yaya yana tsaye bakin zaure. Ya dube ni, na dube shi. Ya matsa ya ba mu hanya.

Ni ce da sunan ja-gora, amma shi ke gaba. Ƙafarsa ta san kowace kwana. Ya kauce wa kududdufi ban gaya masa ba, ya san inda shingen maƙwabci ya ƙare. Da muka isa gawo ya miƙa sanda, ta bugi turken farko, ƙwas. Ya yi murmushi, ya taka.

Ganye ya shafi ƙirjinsa. Ya ƙara taku, wani ya shafi fuskarsa. Ya tsaya. Ya saki sandar, ya kama ganyen, ya bi shi da yatsu har kara, ya sunkuya ya bi karan har ƙasa, ya taɓa inda aka yi noma.

"Uwata."

"Na'am, Baba."

"Hatsi ne."

"Hatsi ne, Baba."

"Har ƙarshe?"

"Har ƙarshe."

Wallahi so nake ya yi faɗa. Ya zage ni, ya kira Yaya ya tsine, komai ma, na shirya. Sai ya ci gaba da shafa karan kamar kan jariri.

"Ƙasar ta daɗe tana hutawa," ya ce. "Ya fi na gefen kyau ko?"

"Ya fi, Baba."

"To, madalla. Yara za su ci." Ya saki karan. "Ki ce wa yayanki ya tone turakun, kada su karya masa hauya."

Na ɗauko sandar na sa masa a hannu, ina kuka ban bari ya ji ba. Ya juya dama, ya juya hagu, ya tsaya cik a cikin gonar da ya noma tun ban zo duniya ba. Sannan ya miƙo mini hannu.

"Uwata, ta ina ne gida?"